Yusufu Ɗaya, Littattafai Biyu

Zuwa ga Edita,

A wannan mako ba zancen ofis na zo da shi ba kamar yadda na saba. Wani al'amari ne ya auku a ƙofar gidana, na ga ya kamata in baje shi gaban jama'a, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Ni dai Kirista ne, a makarantar Mishan na yi karatu, kamar yadda masu bin wannan fili suka sani. Maƙwabcina kuwa wani dattijo ne mai makarantar allo, shekara tara ke nan katanga ɗaya ke tsakaninmu. Ran nan da la'asar sai ga ɗana ya shigo da yagaggiyar riga da kumburarren ido. Da na bincika, ashe da jikan Malam suka dambace. Dalili kuwa, ɗana ya ce labarin Yusufu namu ne na coci, jikan Malam ya ce ƙarya ne, Annabi Yusufu nasu ne, mu muka sato shi. Kafin magariba magana ta kai kunnen mata. Kwana uku ba wadda ta leƙa gidan 'yar'uwarta, ba aron turmi, ba miƙa tuwo.

Ba zan ɓoye laifina ba. Sa'ad da na ɗauki Littafi Mai Tsarki na nufi zauren Malam, ba sulhu ya kai ni ba, gardama na tafi yi, don in nuna masa littafin wa ya riga kawo labarin. Muka gaisa, ya dubi hannuna ya ce, "Ɗana, me ka riƙo haka?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, labarin Yusufu ne." Ya yi murmushi ya ce, "To, madalla. Ka karanta naka, in karanta nawa, amma da sharaɗi ɗaya, kada wani ya katse wani."

Dare biyu muka yi muna wannan karatu bayan sallar lisha. Ni na bi Littafin Farawa daga sura 37 har zuwa 50. Shi kuwa ya kawo Suratu Yusuf da ka, sura ta 12 mai aya 111, yana karantawa yana fassara mini da Hausa. Jama'a, ban taɓa jin kunya irin ta wannan dare ba, domin mutumin da na zo in ƙwace daga hannun Malam, ashe Malam ya san shi kamar tafin hannunsa. Mafarkin taurari 11 da rana da wata yana nan a duka biyun. Haka hassadar 'yan'uwa, da jefa shi a rijiya, da rigar da aka shafa wa jini aka kai wa Yakubu. Haka sayar da shi zuwa Masar, da ƙagen da matar ubangidansa ta yi masa, da kurkuku, da 'yan sarƙa biyu masu mafarki, da shanu bakwai masu ƙiba waɗanda ramammu bakwai suka cinye, da ƙoƙon da aka ɓoye cikin kayan ƙanensa.

Akwai kuma abin da kowannenmu ya ƙarar da ɗan'uwansa. Ni na gaya masa shekarun Yusufu 17 sa'ad da abin ya faru, kuma azurfa 20 aka sayar da shi. Shi ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba, watau idanun Yakubu sun yi fari saboda baƙin ciki, sai da aka jefa masa rigar ɗansa a fuska ya koma gani. Ya kuma gaya mini yadda aka gane gaskiyar Yusufu a gidan ubangidansa, da aka duba aka ga rigarsa ta baya ta yage, alamar gudu ya ke yi. Nan fa Malam ya dube ni ya ce, "Af, rigar ɗan naka, ta gaba ta yage ko ta baya?" Na ce ta gaba. Muka kwashe da dariya, don kowa ya san mai gudun faɗa ba a yaga masa riga ta gaba.

Amma inda jikinmu ya yi sanyi shi ne ƙarshen labari. Ga Yusufu da mulki a hannu, ga waɗanda suka jefa shi rijiya tsaye gabansa suna neman hatsi. A aya ta 92 ya ɗauke musu zargi, ya nema musu gafarar Allah. A Farawa sura 45 da 50 ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu mugunta suka nufa, Allah kuwa ya mai da ita alheri don a ceci rayuka. Malam ya yi salati, ya ce masu tarihi sun rawaito ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi Muhammadu ya yafe wa Ƙuraishawa da irin maganar Yusufu. Da gari ya waye muka kira yaran nan biyu, muka tambaye su abin da Yusufu ya yi wa 'yan'uwansa. Dukansu suka sunkuyar da kai, domin dukansu sun san amsa.

To, kada mai karatu ya zaci ina cewa addinan nan biyu ɗaya ne. Ko kusa. Mu mun gaskata Yesu Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya tashi. Musulmi sun gaskata Annabi Isa manzo ne, ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba, kamar yadda Suratun Nisa'i aya ta 157 ta nuna. Malam bai bar nasa ba, ni ma ban bar nawa ba. Wanda ya shafe wannan bambanci don a ji daɗi, yaudarar kansa ya ke yi. Sai dai kowane littafi ya koya wa masu bin sa ladabin saɓani. Suratul Ankabut aya ta 46 ta hana jayayya da Ahlul Kitabi sai ta hanya mafi kyau. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3, ta umurce mu mu ba da amsa da tawali'u da bangirma.

Wannan hanya kuwa ba sabuwa ba ce. Wajen shekara ta 615, sa'ad da Musulmin farko suka yi hijira zuwa Habasha, Ja'afaru ɗan Abi Ɗalibi ya karanta wa Najashi, sarki Kirista, wani yanki na Suratu Maryam. Sarki ya yi kuka, ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa. A shekara ta 2007 kuma malaman Musulunci 138 suka aika wa shugabannin Kirista takarda, suka kafa ta kan ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci. Nan ƙasarmu ma, a 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙasar Barikin Ladi ya ɓoye Kirista fiye da 200 cikin masallacinsa da gidansa sa'ad da ake neman ransu.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana akawuna, da malaman makaranta, da malaman zaure, tun da mu ne yara ke kwaikwayo: in za mu ji abin da ke cikin littafin wani, mu ji shi daga bakin mai shi, kada mu ji daga bakin abokin gabansa. Mai tonon littafin maƙwabcinsa don neman aibu, abin da ya tafi nema shi zai gani. Turmi dai ya koma zagayawa tsakanin gidajenmu, mun kuma yi alkawari da Malam, in rai ya kai, labarin Musa za mu ɗauka nan gaba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu.