Mata da Miji Sun Kwana a Otal, Zango Ya Hana Kansa Barci

Tun makon jiya ake ta tsegumi a Nima saboda wani magidanci ya ɗauki matarsa ranar da aurensu ya cika shekara goma, suka kwana ɗaya a otal cikin Accra, suka zaga gari. Wasu sun ce bidi'a, wasu sun ce almubazzaranci.

Masu cewa bidi'a su koma wurin malamansu. Bidi'a a ibada take, wannan kuwa al'ada ce, kuma ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha a halin tafiya. Masu cewa almubazzaranci kuwa, su ne ke cin bashin dubban sidi don anko da makaɗa ranar biki.

Ni nake rubuta ƙararrakin aure a zauren Maigida. Mafi yawansu rashin zance ne ya haife su. Ɗaki ɗaya a gidan haya, yara biyar, maƙwabta na jin tarin juna: yaushe miji zai ji damuwar matarsa?

Kuma ina suka je? Babban Masallacin Kanda da aka buɗe a 2021, da hasumiyar Jamestown a bakin teku, da Sabon Zango da Malam Bako ya kafa. Matar nan a Nima aka haife ta, amma sai ranar ta fara taka Jamestown. Masu tsegumin, wa ya taɓa kai tasa ko Kanda?