Abu Ba Wurin Saurayi Ta Gudu Ba

Akwai wata magana da muka gaji da ji, ga alama kuma masu yin ta ba su gaji ba. Mun ji ta a ɗakin lacca, mun ji ta a majalisar ƙofar gida bayan sallar isha'i, har a bakin ɗaliban da gemu bai gama tsiro musu ba mun ji ta. Wai littattafan soyayya ne suka ɓata 'ya'ya mata, su suka koya musu raina zaɓin iyaye, su suka sa yarinya ta iya ɗaga ido ta ce wa mahaifinta ba ta so. In ka tambayi mai maganar guda nawa ya karanta daga cikinsu, sai ya ja tsaki, ya ce shi ba ya da lokacin shirme. Ke nan an yanke hukunci ba a saurari wanda ake ƙara ba, abin da ko alƙalin ƙauye ba ya yi.

Mu dai mun karanta. Kuma tun da shari'a ba ta yiwuwa a kan taron jama'a baki ɗaya, bari mu tsayar da guda ɗaya a gaban kotu, wato Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990.

Labarin ba boyayye ba ne. Abu yarinya ce 'yar shekara 13 a wani ƙauye, tana son karatu, mahaifinta ya cire ta daga makaranta. Saurayin da aka yi musu alkawari, shi da ya sami damar ci gaba da nasa karatun, sai ya juya mata baya, don a ganinsa ta zama jahila, ba ta dace da shi ba. Daga nan aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, mutumin da ya ba wa hamsin baya, ga mata ga 'ya'ya. Abin da ya faru a ɗakin amarya marubuciyar ba ta lulluɓe shi da zani ba, ta faɗe shi yadda yake, kuma wannan na cikin abin da ya jawo mata zagi. Abu ta gudu. Ta shiga birnin Kano, ta koma karatu, har ta kai ga aikin asibiti.

To, jama'a, ina Abu ta nufa da ta gudu? Nan ne muke son masu zargi su tsaya su duba da kyau. Ba ta bi wani saurayi mai babur ba. Ba ta faɗa gidan karuwai ba, alhali kuwa kowa ya san nan ne auren dole ya sha kai 'yan'uwanta da dama. Gidan wata 'yar'uwar iyayenta ta nufa, wato daga hannun uba ta koma hannun uwa. Zumuncin da ya jefa ta a rami, shi ne dai ya miƙa mata igiya. Yaya za a ce littafin da ya ɗora ceton yarinya a wuyan dangi yana rushe gidan Bahaushe? Abin da littafin ya rushe shi ne tunanin cewa dangi mutum ɗaya ne, mai rawani, kuma in ya faɗi magana ta zauna ko da a kan wuyan 'yarsa ne. A gidan Bahaushe na gaskiya akwai goggo, akwai inna, akwai kawu, akwai kaka, kowannensu yana da bakin magana a auren yarinya, kuma tun kafin a haifi boko ake kai musu ƙara.

Kalmar da aka fi jifar waɗannan littattafai da ita ita ce biyayya. Ba mu da ja a kan biyayya, da ita aka rene mu. Sai dai mun lura duk lokacin da aka zo zancen haƙƙi, na iyaye kaɗai ake lissafawa, kamar 'ya'ya ba su bin kowa bashi. Alhali malamanmu na zaure sun karantar da mu cewa ɗa yana da haƙƙi a kan mahaifinsa: ya zaɓa masa uwa tagari, ya raɗa masa suna mai kyau, ya ilimantar da shi. Mahaifin Abu shi ya fara cin bashin nan ranar da ya raba ta da aji. Shi ya mai da ta jahilar da saurayi ya ƙi, sannan ya dawo yana neman inda zai kai ta don kada ta yi kwantai. Sunan littafin kansa tambaya ce da aka jefa wa iyaye maza, ba 'yan mata ba. Mai tambayar kuwa ta san abin da take faɗi, domin ita ma, kamar yadda ta sha bayyanawa, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, auren bai yi ƙarko ba, sai da girmanta ta koma neman ilimi. Ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed ke nan. In haka ta sami 'yar wannan gida, ina ga 'yar manomin da ba ya da kowa?

Za a ce mana ai addini ya ba uba iko. Gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, uba yana da ikon ijbari a kan 'yarsa budurwa, duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta wannan babi. Amma wanda ya karanta Risala ya tsaya nan, karatunsa bai yi nisa ba. Malaman mazhabar nan su ne suka ce ikon ya faɗi idan akwai cutarwa bayyananniya a auren, domin an ba uba shi ne a bisa kyakkyawan zaton cewa ba wanda ya kai shi tausayin 'yarsa. Ba a ba shi don ya biya bashin hatsi ba, ko don ya sami kujerar Makka. Ga kuma hadisin Khansa'u 'yar Khizamu a cikin Buhari, wadda mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ita kuwa ta taɓa aure, ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Ga umarnin a nemi iznin budurwa, shirunta ya zama yardarta. Shiru aka ce. Ba a ce kuka ba, ba a ce ƙin cin abinci ba, ba a ce gudu cikin dare ba.

Sai maganar rijiya, wadda ita ce babbar hujjar masu zargi. A cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, Sumayya ta faɗa rijiya saboda an hana ta Muhammad talaka, ana son ba ta Abdulƙadir mai kuɗi. Tun daga lokacin, duk yarinyar da ta yi yunƙurin halaka kanta a kan aure sai a ce littafi ta karanta. Mu dai ba mu ji an ce Gidan Dabino ne ya haƙa rijiyar farko a ƙasar Hausa ba. A 1987, kafin waɗannan littattafai biyu su fito, jaridun ƙasar nan sun ɗauki labarin wata ƙaramar yarinya a tsohuwar jihar Sakkwato, wadda ta yi ta gudu daga gidan miji ana mai da ita, har mijin ya sare mata ƙafafu, ta rasu a asibiti. Wane littafi ta karanta? A 2014 an gurfanar da wata 'yar shekara 14 a jihar Kano bisa zargin sa wa mijinta guba a abinci kwanaki kaɗan bayan aure, kafin a janye tuhumar a 2015. Da dangwalen yatsa ta sa hannu a takardar 'yan sanda, domin ba ta iya rubutu ba. Mai son ganin sauran ya leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda ake ɗinkin masu yoyon fitsari, ya tambayi matan da ke kwance a can ko su nawa ne suka taɓa riƙe littafin soyayya. Wadda ta iya karatu har ta karanta labarin Abu, ai ita ta riga ta tsallake rabin abin da ya sami Abu.

A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta tara irin waɗannan littattafai aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano. Takarda ta ƙone. Ba mu ji an ce auren dole ko ɗaya ya mutu a wannan gobara ba. Yau ga labaran nan sun koma cikin waya, ana tura su babi-babi ta WhatsApp, ana karanta su a gidajen rediyo, matan Sabo ta Ibadan da na Agege suna bi kamar yadda matan Fagge suke bi.

Yanzu bari mu dawo gida, mu 'yan sashen Hausa, don laifinmu ya fi na mai tsaki a ƙofar gida. Shekara da shekaru muna karantar da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, littafin da ya fito tun shekarun 1930, muna fitar da jigonsa da salonsa, muna ba da maki. Mene ne a cikinsa? Abubakar yana son Zainabu, Malam Shehu mai dukiya ya shiga tsakani ya aure ta, ramuwar gayya ta cinye gida. Ba wanda ya ce ya ɓata tarbiyya. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed ya fito a 1980 daga kamfanin NNPC na Zariya, labarin Bafillatanar da ta tsaya a kan wanda take so duk da ba ƙabilarta ba ne, aka yaba. Amma da matan aure da masu ɗinki da 'yan kasuwa suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu, sai muka toshe hanci. Da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onitsha, kukansa a kan inganci ne, kuma a nan yana da gaskiya mai yawa: ƙa'idar rubutu a karye, bugu ba tacewa, labari ɗaya a canza masa suna sau goma. Sai dai da yawa daga cikinmu sun ɗauki sunan sun mai da shi lasisin ƙin karatu. Muna cikin wannan yanga ne Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka yi ta fama a jaridu, 'yan ƙasashen waje irin su Brian Larkin da Novian Whitsitt suka zo suka yi nazari, har wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi a 2012. Indiyar nan dai da ake cewa daga fina-finanta aka sato komai.

Kada marubutan su ɗauka mun zo wanke su ne tas. Muna da ƙorafi a kansu, kuma ya fi na ƙa'idar rubutu nauyi. Yawancinsu suna sauƙaƙa wa kansu shari'a. Mijin da aka tilasta wa yarinya kullum mugu ne, ko tsoho mai haƙoran goro, ko attajirin da a ƙarshe za a gano ɗan damfara ne ko mai safarar ƙwaya. Saurayin kuwa salihi ne, kyakkyawa, kuma kafin shafi na ƙarshe zai yi arziki. Iyaye su yi nadama, a yi biki. Wannan yana faranta rai, amma abin da yake koya wa uba shi ne kuskurensa na rashin bincike ne kawai, da ya dace da mutumin kirki da ba shi da laifi. Ko Sarkin Noma na Balaraba bai kuɓuta daga wannan ba, an zana shi yadda ba mai karatun da zai yi masa uzuri.

Littafin da muke jira daga ɗaliban da ke rubutu a wannan mujalla shi ne wanda mijin cikinsa mutumin kirki ne, mai sana'a, mai kunya, ɗan aminin uba, wanda ba ya duka ba ya zagi. Uban kuwa yana son 'yarsa har ransa, alkawari ya ɗauka tun tana goye, ranar da amininsa ya rufa masa asiri a wata shekarar yunwa, kuma in ya saɓa ba zai iya shiga masallacin unguwa ba. Uwar tana tsakiya, tana tuna nata auren da ba a tambaye ta ba, ga shi ta haifi bakwai a cikinsa. Yarinyar ba ta da wani saurayi a ɓoye, ba wanda ya rubuto mata wasiƙa. An kawo lefe, akwati shida, 'yan'uwa mata suna ta buɗa suna guɗa, goggo ta leƙa ɗaki ta tambaye ta, ita kuwa ta ce ba ta so.