Kaza Marar Wutsiya: Ado ko Amfani?

A kudancin ƙasar Chile, a Kudancin Amurka, akwai wata al'umma da ake kira Mapuche, waɗanda suka daɗe suna kiwon kaji iri biyu masu ban mamaki. Ɗaya ana kiranta Collonca, ba ta da wutsiya ko kaɗan, kuma ƙwanta shuɗi ne. Ɗayar kuwa, Quetro, tana da tuntun gashi a gefen kowane kunne. Daga haɗa waɗannan biyu aka sami kazar da duniya ta sani da suna Araucana. Wani masanin kaji ɗan ƙasar Sifen, Salvador Castelló, ya gan ta a 1914, ya kuma gabatar da bayaninta a taron kaji na duniya da aka yi a birnin Heg na ƙasar Holan a 1921.

Ra'ayinmu shi ne wannan kaza ta cancanci a adana irinta, amma ba ta hanyar da masu gasar nuna kaji suke bi ba.

Bari mu fara da abin da ilimin kimiyya ya gano. Rashin wutsiyar ba yankewa aka yi ba, gado ne. Ƙasusuwan ƙarshen gadon baya ne ba sa tsirowa tun cikin ƙwai, haka ma ƙullin man nan da tsuntsu ke lakata da baki yana gyara gashinsa. Wannan hali yana da rinjaye, wato ko daga uwa kaɗai ko uba kaɗai ɗan tsako ya gaje shi, yana iya bayyana. Shuɗin ƙwai kuwa, binciken da aka buga a 2013 ya nuna cewa wata ƙwayar cuta ce ta maƙale cikin ƙwayoyin gadon kazar tun da daɗewa, ta sa launin da ake samu a cikin ɗaci yake shiga ɓawon ƙwai. Kaza guda ta zama makaranta ga masu nazarin yadda ƙashin baya ke ginuwa da yadda gado ke sauyawa. Wannan kaɗai ya isa hujjar kada a bari ta ɓace.

To, ina matsalar take? A 1976 Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji ta Amurka ta amince da Araucana, bisa sharaɗin ta kasance marar wutsiya kuma mai tuntu. Amma ƙwayar gadon tuntun nan kyan ɗan maciji ce. Idan ɗan tsako ya gaje ta daga uwa da uba duka, galibi a cikin ƙwai yake mutuwa. Bisa lissafin Mendel, idan aka haɗa zakara mai tuntu da kaza mai tuntu, kashi 1 cikin 4 na 'yan tsakin za su mutu, kashi 2 su fito da tuntu, kashi 1 babu. Idan kuwa aka haɗa mai tuntu da marar tuntu, rabi ne dai za su fito da shi, kuma babu wanda zai gaji biyu. Ashe ke nan mai haɗa masu tuntu biyu bai ƙaru da kome ba sai asarar ƙwai. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Rashin wutsiyar ma yana da nasa wahalar, domin yana rage yawan ƙwan da ke ɗaukar zakara, har masu kiwo kan aske gashin bayan kajin kafin barbara. Masu gasa za su ce in aka sassauta sharaɗi, irin zai gauraye ya rasa kamanninsa. Amma a Ingila an yarda da Araucana mai wutsiya da marar wutsiya, kuma irin bai ɓace ba. Kada kuma a manta cewa Mapuche sun riƙe kajinsu ne don ƙwai da nama, ba don lambar yabo ba.

Darasin ya shafi tsangayoyinmu na aikin gona. Kajin ƙauye masu tsiraicin wuya, waɗanda wasu ke raina wa kamanni, bincike ya tabbatar sun fi jure zafi. Saboda haka, duk wanda zai adana wani iri na kaza, ya fara da tambayar lafiyarta, yawan ƙyanƙyasarta da amfaninta ga mai kiwo. Ado ya biyo baya.