A Mayar Da Kalangu Cikin Aji

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu girma, ina da ƙorafi, kuma da mu nake, ba da kowa ba.

A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta. Mun yi tafi, mun yi ta rubuta kundaye a kan Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos. To amma ku leƙa makarantar firamare ta unguwarku, ku tambayi yaro ɗan aji huɗu bambancin kotso da taushi. Zai tsaya yana kallonku kamar kun yi masa Sinanci. Abin da ake kira darasin kiɗa an cusa shi cikin kwando ɗaya da zane da wasan kwaikwayo, kuma sau da yawa bai wuce rera taken ƙasa a filin taro da haddar waƙoƙin Turanci waɗanda yaro bai san ma'anarsu ba.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce, "Ni ban kai ɗana makaranta don ya zama maroƙi ba." To, shin duk wanda aka koya wa lissafi ɗan kasuwa yake zama? Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Mai kalangu yana matsa igiyoyin kalangunsa a hammata, murya ta hau ko ta sauka, har ya kira sunan mutum. Yaron da ya saba jin wannan, ba zai sha wahalar da muke sha a nan jami'a ba in an zo kan karin sauti da aruli. Muna ɗaukar wa kanmu dala ba gammo ne a shekara ashirin, alhali da tafi da waƙar gaɗa an gama aikin tun muna shekara bakwai.

Wani kuma zai kawo maganar addini. Ina girmama ra'ayinsa, amma ina tuna masa cewa Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta karantar da mata ta hannun jajis, kuma har gobe da rerawa yara suke haddace darasi a Islamiyya. A zaɓi waƙa mai tsabta, ba a rufe bakin yaro ba.

Na uku zai ce babu kuɗi. Wa ya ce sai an sayo fiyano? Kuntigin Ɗan Maraya gwangwani ne da fata da tsarkiya ɗaya. Barmani Choge da ƙwarya ta yi suna. Kowane gari yana da makaɗin da zai zo aji sau ɗaya a mako in an mutunta shi aka biya shi.

Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Tsofaffin makaɗa suna tafiya da abin da ke cikin kansu, mu kuwa muna nan muna jayayya. Ina kira ga wannan ƙungiya: duk wanda ya je gida hutu, ya tattaro waƙoƙin gaɗa da na dandali daga bakin iyaye mata, mu tace su, mu buga ɗan littafi, mu kai wa kwalejojin horar da malamai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace.