Darasin jakunan dawan Botswana ga burtalan Kudancin Kaduna

A 1968 hukumomin Botswana suka kafa shinge don kare shanu daga cututtukan namun daji, shingen ya datse hanyar da jakunan dawa ke bi daga fadamar Okavango zuwa Makgadikgadi da faɗuwar damina. Bayan an cire shi a 2004, cikin 'yan shekaru dabbobin suka koma tsohuwar hanyar, alhali tsarar da ta san ta ta riga ta ƙare. Ruwa da ciyawa ne ke tsara tafiyar.

Haka shanun makiyaya suke. Da rani ya tsananta a arewa, garkuna kan gangaro yankin Kafanchan da Madakiya, inda damina ke daɗewa, rafuka kuma ba sa saurin ƙafewa. Sai dai abin da ya tare burtali a nan gonakin citta ne da masara da gidajen jama'a, waɗanda ba a tumɓuke su kamar waya.

Nan ne aikin Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, wadda aka ƙirƙiro a 2024, yake da wuya. Dokar gandun kiwo ta 1965 da gandun Kachia sun nuna cewa keɓe fili a takarda ba ya shayar da saniya. Muddin babu ruwa da ciyawa a gandun, garke zai fita. Burtalin da aka shata ba da yardar sarakuna da manoman yankin ba kuwa, rikici zai haifar.