A Horar Da Maƙeri Kafin A Sayo Injin

A shekarar 1987 aka yi wata taƙaddama mai zafi tsakanin Amurka da ƙawayenta biyu, Japan da Norway, a kan waɗansu injunan sassaƙa ƙarfe. Asiri ya tonu cewa wani reshe na kamfanin Toshiba na Japan ya sayar wa Tarayyar Sobiyet injunan a ɓoye a farkon shekarun 1980, kamfanin Kongsberg na Norway kuma ya ba da na'urorin da ke sarrafa su. Amurka ta ce da waɗannan injuna ne Rashawa suka gyara farfelar jiragensu masu tafiya ƙarƙashin teku, ƙararsu ta ragu, har ya zama da wuya a ji motsinsu. Manyan shugabannin Toshiba biyu suka yi murabus, waɗansu 'yan majalisar Amurka kuwa suka farfasa rediyon kamfanin da guduma a harabar majalisa.

Mai karatu na iya tambaya, wane irin inji ne wannan da manyan ƙasashe ke ta da jijiyar wuya a kansa? Shi dai inji ne wanda ke sassaƙa ƙarfe bisa umarnin kwamfuta, ana kiransa CNC a taƙaice. A shekarar 1952 aka nuna kakansa a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, da kuɗin rundunar mayaƙan sama ta Amurka, yana karanta umarni daga doguwar takarda mai huji-huji. Wanda aka fi sani, kaifinsa na tafiya ta fuska uku: hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Mai fuska biyar kuwa ya ƙara da biyu, wato yana iya karkata kaifin ko ƙarfen, yana kuma iya juya shi, duk a lokacin da yankan ke gudana.

Amfanin wannan ƙari ba kaɗan ba ne. Duk sa'ad da ma'aikaci ya kwance ƙarfe ya sake ɗaure shi don a yanki wani gefe, sai ɗan kuskure ya shiga, kuma kuskure kan kuskure shi ke ɓata aiki. Mai fuska biyar yakan gama aikin da ɗauri guda, ya shiga lungun da miƙaƙƙen kaifi ba ya kaiwa, ya kuma kiyaye awo har kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, abin da silin gashi ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Da shi ake yin fukafukan cikin injin jirgin sama, da gaɓoɓin ƙarfe da likitoci ke sa wa majiyyata a gwiwa, da mazubin da ake zuba kayan roba. Shi ya sa ƙasashen da ke ƙera irinsa mafi inganci ba sa sayarwa waje sai da lasisi, bisa yarjejeniyar Wassenaar ta 1996.

Nijeriya ba ta jahilci muhimmancin wannan fage ba. A 1979 aka ɗaura ɗamarar gina kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, a 1980 kuma aka kafa masana'antar ƙera injuna a Oshogbo tare da kamfanin HMT na Indiya. Ajaokuta bai kai ga cika burin da aka ɗora masa ba, ita kuwa ta Oshogbo an sayar da ita ga 'yan kasuwa a 2007. Darasin da ke ciki shi ne, gini da inji ba su isa su zama masana'anta ba.

To, a nan ne ma'aikatan gwamnati ya kamata su yi hattara. Sayen inji abu ne mai sauƙi ga mai kuɗi, yana kuma da daɗin nunawa ranar bikin buɗewa. Amma injin nan ba ya jure wutar lantarki mai rawa, zafin ɗaki yana taɓa awonsa, kaifinsa yana cinyewa sai an sake, sa'an nan dole a sami kayan awo da za su tabbatar da abin da ya yanka. Uwa uba, sai da mutumin da ya iya zana abin a kwamfuta, ya tsara wa kaifi hanyar da zai bi. In babu shi, an sayo doki ne ba mahayi. Saboda haka bai dace a sa hannu kan kwangilar sayen irin wannan inji ba, sai an rubuta a ciki wa za a horar, wa zai kawo kayan gyara, da kuma inda wuta za ta fito.

Haka nan bai kamata a yi gaggawa ba. A fara da mai fuska uku a kwalejojin fasaha, a ba ɗalibai aiki na gaske, irin su farfelar famfon ban ruwa, da kayan gyaran tarakta, da mazubi domin masana'antun roba na Kano. A kuma jawo masu sana'ar ƙarfe irin na Panteka a Kaduna, waɗanda hannunsu ya san ƙarfe, a haɗa su da masu ilmin littafi. Wanda ya ƙware a uku, biyar ba za ta gagare shi ba.

Su kuma ɗalibai su sani cewa lissafin kusurwoyi da zanen injiniya, waɗanda waɗansu ke gudu a aji, su ne harshen da wannan inji ke ji. Ƙira tsohuwar sana'a ce mai daraja a ƙasar Hausa, maƙera ce kawai ta sake kama. Ƙasar da ba ta iya sassaƙa kayan injunanta, kullum tana jiran abin da jirgin ruwa zai kawo, a kuma kan farashin da mai kaya ya ga dama. Allah Ya sa masu iko su gane, su fara da mutum kafin ƙarfe.