Iyayenmu Ba Aku Suka Turo Makaranta Ba

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata kalmar Turanci, "tidal", wadda ta jawo mini asarar maki a jarrabawar zangon da ya wuce. Na rubuta cewa ambaliyar da ta cinye gonar mahaifina "tidal wave" ce, don kawai kalmar ta yi mini daɗin faɗa. Malam ya zarga mata jan biro.

Ashe kalmar ta teku ce. Wata da rana ne ke jan ruwan teku, ya cika ya janye, galibi sau biyu cikin awa 24 da minti 50. Kogin Thames na birnin Landan yana bin tekun wajen cika da janyewa, shi ya sa ake ce masa "tidal river". Ambaliyarmu kuwa ruwan sama ne ya kawo ta. Su kansu masu harshen sukan yi tuntuɓe. Igiyar da ta halaka mutum fiye da 200,000 a gaɓar Tekun Indiya a 2004, wasu sun kira ta "tidal wave", alhali girgizar ƙasa ce ta tayar da ita.

A ganina, mu da ba mu taɓa ganin teku ba, kada mu haddace kalma sai mun san abin da take nufi. Matambayi ba ya ɓata.